Ƙwaƙwalwar tsohona ta bushe? Man shanu, kafso ko asibiti

Nasiru Mabera:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nika biɗa, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Tsohona ya haura shekara saba'in, tun bayan sallar layya munka lura mantuwa ta kama shi, kuma ba irin ta ina na aje tazbahata ba. Ran nan ya hito sallar la'asar ya tsaya bakin masallaci ya rasa ta ina za shi bi shi koma gida, masallacin da ya fi shekara talatin shina salla cikinai, sai da wani yaro mai shago ya rako shi har ƙofar gida. Shekaranjiya kuma ya ci tuwo ya wanke hannu, ba a yi minti ashirin ba ya hau Inna da hwaɗa wai an bar shi da yunwa. Yanzu gida ya rabu ukku. Kawu ya ce ƙwaƙwalwa ta ta bushe, a riƙa malala mai man shanu ga tuwo, a kuma dahwa mai ƙwaƙwalwar rago. Wata mata mai tallar kayan ƙarin lahiya ta zo da kafso na man kifi, wai omega-3, ta ce ai ƙwaƙwalwa kitse ce zalla, in ya sha wata ukku zai dawo garau, kuɗin kwalba guda kuwa sai ka riƙe baki. Ni ko raina ya fi kwantawa da asibiti. Shin gaskiya na ƙwaƙwalwa kitse ta? In ko haka na, mi ka hana a ba shi kitsen?

Alhaji na Kara:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya shi sa kaffara ta. Nasiru ka ji maganar kawunka, mu da man shanu anka rene mu. Kakana ya wuce casa'in, hura da nono da man shanu ya sani, har ya koma ga Allah bai taɓa manta sunan saniya guda cikin garkenai ba. Wanga gigin tsufa na zamani duk man leda da magi ne.

Ummu Sadiq:
Amin ya Allah. Amma Alhaji kakanka fa tun asuba yake tafe bayan shanu har magariba, mu kuwa daga katifa sai kujera sai mota. Ina Anti Asma'u, wannan fagenki ne, zo ki raba mu.

Anti Asma'u:
Ga ni. Nasiru sannu, Allah ya ba Baba sauƙi. Matar nan ta faɗi gaskiya rabi, sai ta ɗora tallarta a kan rabin. Eh, in aka cire ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa aka auna abin da ya rage, fiye da rabinsa dangin maiƙo ne. Amma ba irin kitsen da ke taruwa a tumbi ko a wutsiyar rago ba ne, wancan ajiya ce kamar hatsi a rumbu. Na ƙwaƙwalwa aiki yake yi. Wani shi ne bangon kowace ƙwayar halitta, wani kuma ya naɗe jijiyoyi kamar yadda roba take naɗe wayar wuta, shi ake kira mayelin, in ya zaizaye sai saƙo ya riƙa tafiya yana tsayawa. Na ukun shi ne wanda ni ya fi ba ni mamaki duk shekarun da na yi ina koyar da abin nan. Akwai wasu ƴan ƙananan maiƙo da aikinsu aike ne kawai. Ba a tara su a ajiye, a'a, lokacin da buƙata ta taso ƙwayar halitta take gutsuro ɗan guntu daga bangon jikinta ta sarrafa shi ta aika wa maƙwabciyarta, saƙo na isa sai a rushe shi nan take. Su ne suke cewa a ɗaga zafin jiki, a ji ciwo, a kumbura, a sassauta, a ji yunwa. To ka ga matsalar ba ta yawan kitse ba ce, ta wane saƙo aka aika ce, da yaushe, da kuma ko an tsayar da shi a kan kari.

Alhaji na Kara:
Malama kin tahi da mu jami'a. Sauko ƙasa.

Anti Asma'u:
To Alhaji na sauko. Ka taɓa yin masassara?

Alhaji na Kara:
Wa ka zama Sakkwato da damina bai yi masassara ba?

Anti Asma'u:
Madalla. Ka tuna yadda ana tsakar rana mutane na neman inuwa, kai kuwa kana rawar ɗari kana cewa a ƙara maka bargo haƙoranka na kaɗawa? Ba sauro ne ya hura maka wuta ba, ƙwaƙwalwarka ce. Sojojin jini suna ganin ƙwayar maleriya sai su yi shela, shelar ta isa jijiyoyin jinin da ke ƙwaƙwalwa, su kuma su ɗauki wani maiƙo daga bangonsu su mayar da shi abin da ake kira furostagilandin. Shi ne yake zuwa wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa mai kula da zafin jiki ya ce daga yau 37 bai isa ba, a kai 39 ko 40. Jikinka da ke kan 37 sai ya ga kamar sanyi ake yi, shi ne rawar ɗarin. In ka haɗiyi farasitamol ko asfirin sai su rage ƙera wannan ɗan aiken, ma'auni ya dawo ƙasa, zufa ta karyo maka har ka jiƙa riga. Kowa a zauren nan ya taɓa ganin aikin maiƙon nan a jikinsa, sunansa ne kawai bai sani ba. Abin dariya ma, tun 1899 ake sayar da asfirin, amma sai 1971 wani Bature ɗan Ingila John Vane ya gano cewa hana ƙera furostagilandin yake yi. Shekara saba'in da ɗoriya duniya na shan magani ba ta san ta ina yake aiki ba. A 1982 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu mutum biyu ƴan Suwidin.

Ɗan Kabu-kabu:
Anti to ai kenan haɗin da muka sha da dare lahiya lau na. Ni kullum in na aje mashin sai na biya kemis an ba ni haɗin gajiya, ƙwaya huɗu ko biyar cikin ƴar leda, in ban sha ba wlh ba ni iya tashi da sahe.

Likita Bello:
Kai malam tsaya nan. Ka san me ke cikin ledar? Yawanci za ka tarar da daikulofenak da ibufurofen a haɗe, wani lokaci har da wata ƙwayar da ba a ma faɗa maka sunanta ba. Furostagilandin ɗin da Anti take magana ba na zazzaɓi da ciwo ba ne kawai, danginsa ne suke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narka abinci, su ne kuma suke buɗe wa ƙoda hanyar jini lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Kai ga ka cikin ranar Afrilu zafi ya haura 40, daga Gawon Nama zuwa tsohuwar kasuwa zuwa Arkilla kana ta zufa ba ka sha ruwan kirki ba, da dare kuma ka zo ka toshe abin da ke tsare maka ƙoda. Na sha karɓar matasa majiya ƙarfi da aman jini ko baƙin kashi kamar kwalta, in ka bi diddigi haɗin nan ne. Kuma tunda an ambaci asfirin, iyaye mata ku ji, ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin, yana iya jawo wata cuta da ke kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta.

Ɗan Kabu-kabu:
Innalillahi. Baƙin kashin nan kam na gani sau biyu, na ɗauka zogale na.

Likita Bello:
Ka daina shan haɗin daga yau ka je a duba ka cikin satin nan, ba wasa nake ba.

Sarkin Gardama:
Tunda an zo maganar saƙon maiƙo bari in tayar da ƙura. Na ji an ce ƙwaƙwalwar kowane mutum tana ƙera wiwi nata na kanta. In gaskiya ne, to mi ya sa NDLEA ka bin yara lungu lungu? Abin da Allah ya halitta cikin kanka shi na haramun a waje?

Ummu Sadiq:
Kai dai ba ka taɓa shigowa da alheri.

Malam Sani Tudun Wada:
Ai ko jiki yana ƙera giya ma ba zai sa ta halatta ba. A bar wannan zancen.

Anti Asma'u:
A'a Malam a bar shi ya tambaya, gara ya ji a nan da ya ji a bakin masu sayarwa. Sarki abin da ka ji yana da tushe amma an juya shi. A 1964 wani masani a Isra'ila, Raphael Mechoulam, shi da abokin aikinsa suka ware sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, THC. Daga baya aka gano akwai wani kwado a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da wannan sinadarin yake buɗewa. Sai masana suka ce ai ba zai yiwu a halicci kwado don makullin da ke cikin ganye ba, dole akwai makulli na gida. A 1992 ɗakin bincikensa ya samo shi, wani ɗan maiƙo ne, suka raɗa masa anandamaid daga wata kalmar tsohon harshen Indiya mai nufin ni'ima. A 1995 aka samo na biyu wanda ya ma fi yawa a ƙwaƙwalwa. Aikinsu kuwa yana da ban sha'awa, domin baya suke komawa. A ƙa'ida jijiya ta farko ce ke magana ta biyu na saurare, to in ta farkon ta cika ihu sai mai sauraren ta ƙera ɗan maiƙon nan ta tura mata, kamar ta ce ke rage murya na ji. A wannan mahaɗar kaɗai, na ɗan lokaci kaɗan, sai a share shi. Wiwi kuwa ba ya tambayar wace jijiya ce ta yi ihu, yana shiga ko'ina lokaci guda, wurin tunawa, wurin auna lokaci, wurin tsoro, wurin yunwa, ya zauna awanni, kuma da yake yana narkewa cikin kitse sai ya maƙale a jiki kwanaki. In aka ci gaba kullum sai ƙwaƙwalwa ta rage yawan kwadunan don ta kare kanta, shi ya sa mashayi in bai sha ba barci ya gagara, abinci ya ƙi shiga, ya riƙa faɗa da kowa. Makullin gidan nasa yana nan, ƙofofin ne suka ragu.

Sarkin Gardama:
Amma ai a Amurka magani suka yi da shi, har yara aka ba.

Anti Asma'u:
Abin da aka amince da shi a 2018 mai suna Epidiolex ba ganye ba ne kuma ba THC ba ne, wani sinadari ne daban da aka tace daga shukar, ba ya sa maye, kuma don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani aka yi shi, likita na auna nauyin yaro yana duba hantarsa. Kuma bari in ba ka ɗaya gefen don ka ga wurin nan ba wurin wasa ba ne ko ga masana. An lura wiwi na sa ci, sai wani kamfani ya ce to mu toshe kwadon mana, mutane su daina jin yunwa su rame. Aka yi maganin, rimonaban, Turai ta amince da shi a 2006. Mutane sun rame kuwa, amma sai baƙin ciki mai tsanani ya riƙa kama wasu har da tunanin kashe kai, a 2008 aka janye shi daga kasuwa. A 2016 kuma a garin Rennes na Faransa an gwada wani maganin da aka yi don ya hana rushe anandamaid, mutum ɗaya cikin masu gwajin ya mutu wasu suka kwanta asibiti da lahani a ƙwaƙwalwa.

Baban Hanifa:
Sarki ni ba karatu zan kawo maka ba. Ɗan yayata tun shina aji ukku na sakandare ya fara, yaro mai ƙoƙari wanda ka yi muna lissahin awon hatsi da ka. Shekara huɗu bayan nan ya daina cin abincin gida wai an sa mai guba, ya rufe tagar ɗakinai da kwali wai ana leƙo shi, ya ce rediyo da shi taka magana. Mu munka ɗauke shi cikin mota zuwa asibitin Kware, ni na riƙe mai ƙahwahu. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi shina shan magani, amma uwar tai ta tsufa shekara goma cikin shekara guda. In kana son gardama ka zo in kai ka ka gan ta.

Sarkin Gardama:
Allah ya ƙara mai lahiya. Amma ai ba kowa ka haukacewa ba, na san waɗanda sunka shekara ashirin suna sha.

Likita Bello:
Gaskiya ne ba kowa ba. Amma haɗarin yana ƙaruwa ga wanda ya fara da ƙuruciya, da mai sha kullum, da mai shan mai ƙarfi, da wanda akwai taɓin hankali a danginsu. Kuma babu wanda ake rubuta wa a goshi ko yana cikinsu.

Sista Hauwa:
Ni bari in shigo da ɓangaren mata tunda kun cika wurin da wiwi. Anti ki gyara min in na yi kuskure. Akwai wani daga cikin irin waɗannan ƴan aiken da jiki ke ƙerawa daga sinadarin da ke riƙe ciki, shi kuma asalinsa kolestarol ne, aikinsa kwantar da ƙwaƙwalwa. Yana hawa sosai lokacin goyon ciki, ana haihuwa sai ya faɗo ƙasa cikin ƴan kwanaki. Yawancin mata suna wucewa da ɗan kuka da saurin fushi na sati ɗaya ko biyu, amma wata sai ka ga an yi suna an watse, ana ta wankan jego ana dama mata kunu, ita kuwa ta zura wa bango ido, jariri na kuka ba ta ko juyawa, in ta samu wadda ta yarda da ita ta ce ni ban cancanci zama uwa ba. Sai gwaggo ta ce shagwaɓa ce, miji ya ce raini ne, wasu su ce iska ce. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau goma ba a wajen awo da rigakafi.

Anti Asma'u:
Ba abin gyara Sista. A 2023 ma Amurka ta amince da wata ƙwaya mai kwaikwayon wannan sinadarin, zuranolon, ana sha kwana 14, musamman don baƙin cikin bayan haihuwa. Ba sai an jira ta iso nan ba, akwai magungunan da ake da su kuma suna aiki, abin dai a kai mace asibiti maimakon a yi ta mata gori.

Hajiya Mai Kaya:
Na yi shiru ne ina karantawa amma gaskiya an fara cin fuska. Ni ma ina sayar da omega-3 kuma ba damfara nake ba, kwastomomina suna dawowa suna godiya. Anti ke da bakinki kika ce ƙwaƙwalwa maiƙo ce. Ko za ki ce DHA, wato maiƙon omega-3 da ke cikin man kifi, ba ya cikin ƙwaƙwalwa? Komai sai ku ce asibiti, asibitin da za ka kwana layi a rubuta maka gwajin da ya fi kafso tsada.

Anti Asma'u:
Hajiya ban kira ki ƴar damfara ba, kuma maganar layi da tsadar gwaji ba ƙarya kika yi ba. DHA yana cikin ƙwaƙwalwa da idanu da yawa, jiki kuma ba ya iya ƙera isasshe sai an ci, har ma daga gare shi ake ƙera wasu ƴan aiken da ke kashe wutar kumburi bayan an gama yaƙi da cuta. Inda ya fi muhimmanci shi ne lokacin da ake ginin, watanni ukun ƙarshe na ciki da shekaru biyun farko na yaro, kuma nonon uwa yana ɗauke da shi. Mai ciki da mai shayarwa su ci kifi, wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma tambayar Nasiru daban ce, mutum ne da mantuwa ta riga ta kama. An yi gwaje-gwaje manya, aka ba masu cutar mantuwa ta Alzaima DHA wasu kuma aka ba su kafso na bogi ba tare da sun sani ba, aka bi su fiye da shekara, mantuwar ba ta tsaya ba a duka ɓangarorin. To wanda ya ce wata uku Baba zai dawo garau ya faɗi abin da babu wanda ya taɓa nunawa. Wannan alkawarin nake ja da shi, ba sana'arki ba.

Hajiya Mai Kaya:
Ni dai ban taɓa ce wa kowa wata uku ba.

Ummu Sadiq:
To Anti wane kifin? Mu nan sai tarwaɗa da karfasa na Goronyo.

Anti Asma'u:
Ku ci abinku suna da amfani, amma na teku masu maiƙo irin Titus da sadin sun fi su omega-3 nesa ba kusa ba. Man gyaɗa kusan babu, man waken suya yana da wani nau'in da jiki ke juya kaɗan daga ciki. Kifi sau biyu a sati ya wadatar, kuma ba sai an soya shi ya ƙone ƙurmus ba.

Alhaji na Kara:
To man shanun nawa hwa? Kun bi ta kansa kun wuce. Kuma ni likita ya ɗora ni kan maganin rage kolestarol bara, yanzu Sista ta ce daga kolestarol aka ƙera abin kwantar da hankali. Kar dai ƙwaƙwalwata aka tatsewa ban sani ba.

Likita Bello:
Alhaji kwantar da hankalinka. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba amma kusan kashi 20 zuwa 25 na kolestarol ɗin jiki yana cikinta, sai dai ita take ƙera abinta da kanta. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kolestarol ɗin da ke yawo a jini ba ya tsallaka shi. Wato man shanun da za a malala wa Baba ba zai je ya jiƙa ƙwaƙwalwa ba, ƙwaƙwalwar ragon ma tumbi zai narka ta kamar kowane nama. Inda kitsen jini yake zuwa shi ne bangon jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwar jini, ya taru ya ƙuntata su, in ga hawan jini ga suga sai a samu shanyewar ɓarin jiki, ko ƙananan toshewa da ba a ma lura da su ba sai dai a ga mutum yana ta raguwa. Maganinka wannan yake karewa, kar ka ajiye shi. Ɗan man shanu a tuwo ba laifi, malalawa da sunan magani ne ban yarda ba.

Anti Asma'u:
Kuma Alhaji don kar ka ce mun ƙi taka gaba ɗaya, akwai wani bincike da aka yi a ƙasar nan da ya ɗan taɓa zancenka na kakanni. Akwai wani furotin mai dakon kolestarol a cikin ƙwaƙwalwa, APOE, kowa ya gaji nau'insa daga uwa da uba, a 1993 aka gano masu nau'in da ake kira APOE4 sun fi haɗarin Alzaima. To tun 1992 masana na Jami'ar Ibadan, cikinsu har da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da na Indiyanafolis a Amurka, suka riƙa bin tsofaffin Yarbawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sabbin masu kamuwa a Ibadan kowace shekara ba su kai rabin na can ba. APOE4 kuwa akwai shi sosai a Ibadan, amma alaƙarsa da cutar ta fi rauni ƙwarai a kan yadda take a Amurka. Mutanen Ibadan ɗin kolestarol ɗinsu ya fi ƙasa, hawan jini da suga ma sun fi ƙaranci a cikinsu. Ka ga gado ɗaya, rayuwa daban. Sai dai ka lura, ƙarancin kitse a jini aka gani a wurinsu, ba yawansa ba.

Alhaji na Kara:
Wato kin ba ni da dama kin karɓe da hagu.

Nasiru Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Likita to in mun tai asibiti mi za su yi mai, tunda kun ce babu mai maido shi? Abin da Kawu zai tambaye ni kenan.

Likita Bello:
Ba mu ce babu abin yi ba, ba a ma san me ke damunsa ba tukuna. Ba kowace mantuwa ce Alzaima ba. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta, matsalar maƙoƙo tana kawo ta, baƙin ciki, rashin ji sosai, wasu magungunan barci da na mura, har jini da ke taruwa a hankali cikin kai bayan tsoho ya faɗi ya bugu, kuma da yawa cikin waɗannan ana maganinsu. Za a auna hawan jini da suga, a ɗebi jini, a yi masa tambayoyin gwada tunani, in da hali a ɗauki hoton kai. Ku nemi ɓangaren masu duba ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kware, su ma suna ganin tsofaffi masu mantuwa, ba sai mai taɓin hankali ba. Ku tafi da wanda ya fi zama da shi, ina jin Inna ce, domin ita za ta iya faɗin yaushe abin ya fara. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku tafi da su har na gargajiya. Kafin nan a sa masa takarda mai lambar wayarka a aljihun riga, kuma kar a hana shi masallaci, a dai samu yaro ya riƙa raka shi. In ya ce bai ci abinci ba kar a yi musu da shi, a ba shi ɗan wani abu a canza zance.

Nasiru Mabera:
Faɗuwa kam ya yi, kamin sallar layya santsi ya ɗebe shi bakin rijiya kansa ya bugi dutsi, amma ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, ko jini bai hito ba. Wlh sai yanzu da ka hwaɗa na haɗa su.

Likita Bello:
To wannan ya canza lissafi. Kar ku jira sati mai zuwa, gobe da safe ku tafi, kuma abu na farko da za ka faɗa wa likita shi ne faɗuwar nan da lokacin da ta faru. In yau da dare kuka ga barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, ko amai, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta karkace, ku wuce ɓangaren gaggawa ko ƙarfe nawa ne. Yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini?

Nasiru Mabera:
Akwai wata ƴar ƙarama da yaka sha kullum da sahe, ban san sunanta ba, bari in je gida in duba kwalin in turo hoto.

Alhaji na Kara:
Motata na nan in kuna so, yaro zai zo ya ɗauke ku bayan sallar asuba. Kawun naka kuma ka bar ni da shi, tare munka yi makarantar allo, ni zan kira shi.

Sarkin Gardama:
Allah ya ba Baba lahiya. Anti maganarmu ba ta ƙare ba hwa, akwai abin da ban gamsu da shi ba kan kwadon nan.

Anti Asma'u:
Ka bari Nasiru ya turo hoton kwalin tukuna.